TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 14: Na tsakiya

Assalamu alaikum. Makon jiya na ce yau zan shiga labarin tafiyata Legas, to ku yi hakuri ban iya ba, maganar Baffa ce ta sake tare min hanya.

Ranar sadakar ukun rasuwar yarona ne, muna kan tabarma a kofar gida ana ta shigowa gaisuwa, hawaye ya kwace min, sai Baffa ya dube ni a gaban mutane ya ce "Haba, kai da Allah ya bar maka biyu? Share idonka." Allah ya jikan Baffa, shi ya rike ni bayan rasuwar mahaifinmu kuma ban taba daga masa murya ba, amma wannan kalma har yau tana nan a kirjina. Ya bar maka biyu. Kamar awaki ake kirgawa.

Abin da ya rike ni a watannin nan wata kasida ce da Malam ya biya mana a zaure tun ina saurayi, lokacin ni i'irabi da lugga kawai nake farauta a ciki don in burge 'yan uwana dalibai. Ta Ibnur Rumi ce, mutumin Bagadaza, an haife shi 836 ya rasu 896, kakansa Barume ne shi ya sa ake kiransa haka. Malam ya ce mutum ne mai camfi sosai, ga baki, in ya yi maka zambo ka shiga uku, har ana cewa guba wani waziri ya sa aka ba shi a abinci saboda tsoron harshensa. Ya yi wa birnin Basra marsiyya da Zanju, bayin da suka yi tawaye, suka kona shi a 871. Amma wadda ta shafe ni ita ce ta dansa Muhammadu, na tsakiya cikin uku. Nawa ma na tsakiya ne.

Da idanunsa ya fara, yana ce musu ku yi kuka, kukan yana sanyaya zuciya ko da ba ya dawo da komai. Sai ya ce mutuwa ta zabi na tsakiya kamar wanda ya ciro dutsen da ke tsakiyar abin wuya, wanda ya fi sauran tsada. Ya fadi yadda jini ya yi ta zuba daga yaron har jan fure ya koma ruwan dorawa irin na za'afaran, kuma ni na ga wannan launin da idona, sikila ce ta cinye nawa, leda biyu aka kara masa a daren karshe, tafin hannunsa fari fat, idon nan rawaya.

Sai ga amsar Baffa a ciki, shekara dubu da doriya kafin a haifi Baffa. Ibnur Rumi ya ce 'ya'yanmu kamar gabobin jiki ne, shin ido yana tsayawa a madadin kunne in kunne ya tafi, ko kunne yana nuna wa mutum hanya bayan ido? Na so in je in karanta masa, wallahi sau biyu ina zuwa har bakin zaurensa da takardar a aljihu sai kunya ta mayar da ni. Ya rasu ban fada masa ba.

Kuma biyun nan da aka bar min, su ne suka fi kona ni a lokacin, shi ma Ibnur Rumi haka ya ce, in ya ga 'yan uwan suna wasa a inda mamacin yake wasa sai ya ji wuta a zuciya ba tare da yaran sun sani ba. Ni gindin darbejiyar gidanmu ne, sai da na yi kusan shekara ina shiga gida ta kofar baya in an taso daga Islamiyya. Uwarsu ta lura amma ba ta ce komai ba, sai bara da muka aurar da babban ta tuna min.

Legas sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wanda ya karanta ya sa yarona a addu'a, ya sa da Baffa.