Babin da juyin mulkin Nijar ya sa na sake rubutawa

A shekarata ta ƙarshe a sashen kimiyyar siyasa na ɗauki ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, don binciken kammala karatu, kuma tun kafin in fara na riga na yanke hukunci: rikici ne ke ƙara wa irin waɗannan ƙungiyoyi ƙarfi. Hujja kuwa ga ta birjik. Don kasuwanci aka kafa ta a Legas a 1975, ba ruwanta da yadda wani ya hau mulki. Yaƙin Laberiya ne ya haifar da dakarunta na ECOMOG a 1990, a 2001 kuma aka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar da ta haramta hawa mulki da bakin bindiga. A 2017 ta tsaya kai da fata sai da Yahya Jammeh ya bar Gambiya. Babi uku na cika da wannan, ina ta yaba wa kaina.

Sai ga 26 ga Yulin 2023, sojoji suka tsare shugaban Nijar Bazoum. ECOWAS ta ba su wa'adin kwana bakwai su mayar da shi kan mulki ko ta yi amfani da ƙarfi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Na ce to, babi na huɗu ya rubuta kansa.

Hutu ne ya kai ni Illela. Manyan motoci jere a bakin iyaka, direbobi sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsu, mai shayi kaɗai ke ciniki. Wani dattijo da 'yarsa ke aure a Ƙonni ya tambaye ni, "Ɗana, kai da ka yi boko, in an yi yaƙin nan, wa za a harba?" Na rasa ta cewa.

Majalisar Dattawan Najeriya ta ƙi goyon bayan tura soja. Tawagar ƙungiyar ta farko ta dawo daga Yamai ba ta ga Janar Tiani, jagoran juyin mulkin, ba, amma ya karɓi Sanusi Lamido Sanusi, ya kuma zauna da malaman Najeriya. A Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin alhali Bazoum na nan a tsare, a Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice.

Da na koma na ce, "Malam, hujjata ta rushe." Ya duba babin, ya ja layi ƙarƙashin Gambiya da jan biro, ya rubuta a gefe: sojojin wa suka shiga, kuma wa ke da dangi a can? Senegal ce ta ɗauki nauyin wancan, don ita Jammeh ya dama. Daga wannan tambayar na faro babin daga farko, wata biyu kafin ranar miƙawa.