Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Yadda Motar Kawu Ta Fara Jin Magana Ta Waya

Assalamu alaikum, barkanmu da wannan mako. Wancan karon na tsaya ne a inda Inna ta sa Kawu ya kai ni gareji a Kwakwachi nan Kano bayan arba'in ɗin mahaifina Baffa, kuma da a ce tsari nake bi yau sai in ba ku labarin shekarun da na yi ina wanke sifana da sayo wa manya abinci, amma gaskiya ba abin faɗa a cikinsu, sun wuce kawai. Abin da yake cina tun shekaranjiya daban ne. An zo har shago an gaya min wai tsohon ogana har yanzu yana faɗa wa mutane shi ya koya min haɗa na'urar da ke tayar da mota ta wayar hannu. To bari in faɗi yadda aka yi tunda ina da rai, shi ma yana da rai, Kawu ma Allah Ya ƙara masa lafiya yana nan Gwammaja, duk mai shakka ya je ya tambaye shi.

Wanda ya san gidanmu ya san daga maƙera muka fito, kuma Baffa Allah Ya jiƙansa yana da wata magana da ba ya gajiya da ita, yakan ce ƙarfe ba ya ƙarya, mai riƙe da shi ne yake yi. Ko lauje aka dawo masa da shi ana ƙorafi sai ya juya shi a hannu ya faɗi maganar nan. Shi ne mutum na farko a zuriyarmu da ya sayi mota, Fijo 504 irin wadda ake haɗawa a Kaduna, fara, yana ji da ita fiye da yadda zan iya kwatanta muku. Ranar wata Juma'a ya ajiye ta ya shiga masallaci, aka idar da sallah ya fito babu ita. Ya dawo gida a ƙafa da makulli a hannu, bai ce wa kowa komai ba sai da Inna ta matsa. Lokacin ko wayar GSM ba ta zo ba, ita sai a 2001 ta shigo Najeriya, ba yadda za a yi sai cigiya da addu'a. Bai sake sayen mota ba har ya koma ga Allah. Makullin yana wurina har yau, kuma duk wanda yake son sanin dalilin da ya sa na kwana ina ƙona yatsuna da dalma a kan wannan aiki to ya fara daga nan, ba daga garejin kowa ba.

A gareji ɓangaren rewaya na faɗa, wato wutar mota, kuma ba zan ci haƙƙin mutumin ba, shi ya nuna min yadda ake bin wayar wuta da fitilar gwaji, da gyaran kik da altaneta. Wannan na yarda, na kuma gode. Amma daga nan iliminsa ya tsaya, in ka ce masa kwamfuta sai ya ɗaure fuska. Ni kuma da na samu wayar Android ta hannu sai na zama ɗan datar dare, kowa ya yi barci ni ina YouTube ina kallon mutanen Indiya da Indonesiya suna haɗa abubuwa, ba na jin yarensu amma ina gane hannunsu. A nan na fara ganin Arduino, wani ɗan allo ne da bai kai tafin hannu ba, a Italiya aka fara yin sa a 2005 don ɗalibai, za ka rubuta masa umarni a kwamfuta ka zuba masa, shi kuma ya riƙa ba da wuta ko ya ɗauke a ƙafafunsa yadda ka ce. Sai na ga wani ya haɗa shi da wani ƙaramin abu mai suna SIM800L wanda ake sa wa layin waya, ya tura tes fitilar ɗakinsa ta kama. Wallahi a daren ban yi barci ba, don ni na riga na san cewa duk abin da makulli yake yi a mota haɗa wayoyin wuta ne kawai, kuma rile ma, wato ɗan makunnin da wuta ke kunna shi ba hannu ba, aikinsa kenan. In tes zai kunna fitila me zai hana shi buga kik?

Shekarar da kasuwar Sabon Gari ta yi babbar gobarar nan ce, 2016, shi ya sa ba na mantawa, don da yawa daga waɗanda nake sayen ƙananan kayan lantarki a wurinsu sun tafka asara, Allah Ya mayar musu da alheri. Rile da fiyus da soket na samo su a Ƙofar Ruwa ba wahala. Arduino Nano da SIM800L kuwa sai da wani abokina mai shago a Farm Centre ya haɗa min da kayansa daga Chana, na yi ta jira har na fara cire rai. Kwamfuta ba ni da ita, ta ɗan wajen Yaya Babba na riƙa ara, lokacin yana karatu a BUK, kuma haƙƙinsa ne in faɗa, shi ya zaunar da ni ya nuna min yadda ake rubuta in kaza ya faru a yi kaza. Yaron nan bai taɓa cewa shi ya yi aikin ba, shi da ya taimaka da gaske. Allah Ya yi masa albarka.

Ranar da na kai kayan gareji ina gwadawa a lokacin cin abinci, oga ya zo ya tsaya a kaina ya tambayi mene ne, na yi masa bayani cikin ladabi, sai ya yi dariya ya kira sauran yara ya ce ku zo ku ga wanda ko sakandare bai gama ba zai koya wa Bature ƙera mota. A gaban kwastoma ya faɗa. Sakandare kuwa ya fi kowa sanin abin da ya fitar da ni, mutuwar uba ce, ba daƙiƙanci ba. Ban tanka ba, na tattara kayana na zuba a leda.

Wahalar farko da na sha ita ce ta wuta. Batirin mota bolt 12 ne, in inji yana aiki ya kan hau wajen 14, shi kuma SIM800L ba ya son abin da ya wuce 4.4, ƙasa da 3.4 kuma ba zai tashi ba, ga shi in zai nemi sabis yakan fizgi wuta har amfiya 2 a lokaci ɗaya kamar jariri mai jin yunwa ya samu nono. Sai ka ga fitilarsa tana ƙiftawa, ya kusa kama netwok sai ya mutu ya sake tashi, haka zai yi ta yi. Maganin shi ne ɗan allon rage wuta LM2596 da na saita shi a kan bolt 4, da babbar kafasita mai tara wuta a dab da ƙafar SIM800L ɗin, da wayoyi gajeru masu kauri. Daga ranar bai sake yi min gardama ba. Na tuna Baffa sosai a daren, ƙarfe ba ya ƙarya, abin da yake buƙata ne ba a ba shi ba. Kuma 2G kawai yake kamawa, wanda a wurinmu alheri ne don tes yana shiga ko a lungun da data ba ta motsi, shi ya sa har yau ban yarda da masu cewa lallai sai an yi da manhaja da intanet ba. Kawu ƙaramar Nokia yake riƙewa, da ita yake ba motarsa umarni.

Kawu ne ya ba ni motarsa, tsohuwar Honda Civic mai giya otomatik, ya ce in ta ƙone ai ɗana ne ya ƙona. Hajiyarsa ba ta so ba ko kaɗan, ta ce min kai dai kar ka bar mu a ƙafa. Da ƙofa na fara, in ka tura BUDE ta buɗe, in ka tura RUFE ta kulle, rile biyu ne kawai suke taɓa wayoyin sentiral lok na ɗan lokaci su saki. Sai na ƙara hon da fitila don neman mota a wurin taro, wanda ya taɓa fitowa daga filin Idi ko ɗaurin aure yana neman inda ya ajiye motarsa ya san amfanin wannan. Tayar da inji ne ya ci lokaci, don makulli mataki mataki yake tafiya, ya ba da wutar dashbod, famfon mai ya yi ƙararsa, sannan kik, kuma dole kik ya saki da zarar inji ya kama in ba haka ba ya cinye haƙoran filawil, wato faifan injin da kik yake juyawa. Sai na sa na'urar ta riƙa sauraron wutar altaneta, da ta ga caji ya hau ta san inji ya tashi sai ta saki. Ranar da ta tashi, a ƙofar gidan Kawu ne bayan La'asar, ina tsaye can bakin kwata da waya a hannu, ba kowa a cikin motar, ta yi tari ta kama. Yaran layi suka watse da gudu, wata tsohuwa maƙociyarsu tana ta a'uziyya, Kawu kuwa ya cire hularsa ya riƙe yana cewa ina ma Yaya yana nan, wato Baffa. Ni ma abin da ke raina kenan.

Wanda ko sakandare bai gama ba. Ina so ku riƙe maganar nan don za ku ga inda ta juya.

Akwai abubuwan da na gindaya wa na'urar tun farko kuma har gobe ba na sassautawa. Ba ta karɓar umarni sai daga lambar mai motar, kuma sai da lambobin sirri a gaban saƙon. Ba ta buga kik sai giya tana kan P kuma an ja birkin hannu, shi ya sa ba na sa wa mota mai giyar hannu tayarwa daga nesa ko nawa za a ba ni, mutum ya bar ta a giya ɗaya ta tashi ta haye ɗan wani, me zan ce wa Allah? In ta tashi ba a zo ba, bayan 'yan mintuna ta kashe kanta. Kuma ina gargaɗin kowa kar ya tayar da mota a rufaffen gareji na cikin gida, hayaƙin salansa yana kisa ba tare da an ji warinsa ba, irin na janareta ne da ya sha hallaka iyali guda suna barci. Motocin da makullinsu ke da ƙwayar tsaro kuwa, masu yi suna ɓoye makulli na biyu a cikin dashbod don kwakwalwar motar ta yarda ta tashi, ni a ganina ka ajiye wa ɓarawo makulli kenan, sai in gaya wa mai motar gaskiya ya zaɓa.

Labari ya bazu, musamman da zafin Afrilu ya shigo, lokacin da ake haura digiri 40 sitiyari ba ya taɓuwa, masu hali suka ji ana iya kunna mota da esi tun mutum yana cikin ofis ko rumfarsa a Kantin Kwari. Zafin nan ma ya koya min abu, gam ɗin kyandir da ake liƙa kaya da shi narkewa yake a cikin dashbod, sai na koma ɗaure komai da dalma da sukuru a cikin akwatin roba. To a nan ne oga ya sauya baki. Wani Alhaji ya zo da babbar mota yana tambaya, ina ƙarƙashin wata motar ina jin sa da kunnena yana cewa ai yarona ne, ni na ɗora shi a kan aikin. Suka yi ciniki ban sani ba, ya karɓi kuɗi, sannan ya kira ni ya ce Alhaji yana so in an sace motar ya tura tes ta mutu nan take ko a ina take. Na ce ranka ya daɗe wannan ba zan yi ba. Mota tana gudu a titin Zariya ka yanke mata famfon mai, sitiyari ya yi nauyi, birki ya ƙi takuwa, bayanta ga tirela gabanta ga adaidaita sahu cike da mata da yara, ɓarawon kaɗai zai mutu? Na ce abin da zan yi shi ne in sa mata GPS ta turo inda take, in kuma ta tsaya aka kashe ta to ba za ta sake tashi ba. Alhajin ya fahimta, har ya ce haka ya fi. Oga ne ya ga na kunyata shi, bayan tafiyar baƙon ya zage ni tas, ya sake jefo min zancen sakandare, ya ce in ɗauki ledata in bar masa wuri. Ko sallama irin ta al'ada da ake yi wa yaro in ya gama koyon sana'a bai yi min ba, kuɗin aikin Alhaji ma ko sisi ban gani ba, kuma ni na yi shi har ƙarshe don ba na son sunan gidanmu ya ɓaci.

Na ji daga baya ya sa wani yaro ya buɗe irin akwatin da na haɗa don su kwaikwaya, suka ga wayoyi da rile amma umarnin da ke cikin Arduino ba a ganinsa da ido, suka ƙona allo suka haƙura. Ƙarfe ba ya ƙarya. In shi ya koya min, ga kaya nan cike da kasuwa yanzu, ya haɗa ɗaya mu gani.

Na san na tsallake zancen shagon da na kama da kuma aurena da Maman Baffa ƙarami, duk suna tafe. Abu ɗaya da ya faɗo min yanzu, a Disamba 2020 da gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da lambar NIN, sai da na bi kwastomomina ɗaya bayan ɗaya ina tuna musu cewa akwai layi a cikin motarsu, don da yawa sun manta da shi, kuma layi in ba a yi masa rajista ba ko aka daɗe ba a sa masa kati ba rufe shi ake yi, na'ura kuma ta zama kurma. A wannan zagayen ne na sake haɗuwa da Alhajin nan, a ranar ya gaya min nawa oga ya karɓa a hannunsa, ya kuma yi min tayin da ya raba ni da Yaya Babba har kusan rasuwar Inna. Wannan sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.