Kan Sarkin da Ya Kai Ni Sant Ogastin

Kan sarki ne ya jawo wannan tafiya. Shekaru da dama da suka wuce ƙanwata ta aiko mini da wasiƙa daga Amurka, ambulan ɗin cike da kawunan sarki, ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da wani farin fure mai manyan kunnuwa, kwance a kan shuɗin karan-miski kamar wanda gajiya ta kayar. Wasiƙar ta ɓace tuntuni, amma na yanke kan sarkin na soke shi cikin littafi. Sai daga baya na san cewa hukumar gidan waya ta Amurka ce ta fitar da shi a 2004, shekara 100 cif bayan rasuwar wanda ya yi zanen, wani mutum mai suna Martin Johnson Heade. Furen kuwa magnoliya ne.

Da Allah ya nufe ni da ziyartar ɗan ƙanwar tawa a Jaksonbil ta jihar Fulorida cikin watan Mayu, ya tambaye ni ina nake son ya kai ni ranar Asabar. Ya lissafo wuraren wasa da manyan kantuna. Na ce Sant Ogastin. Ya ce, "Kawu, me ka ajiye a can?" Na ciro kan sarkin daga jakata na nuna masa, na ce a garin nan mai wannan zane ya ƙare rayuwarsa. Ya juya shi a tafin hannunsa ya ce shekararsa bakwai a jihar bai taɓa jin sunan ba. Ban yi mamaki ba. Amurkawa da yawa ma ba su san shi ba.

Mun fita bayan sallar asuba. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, amma na roƙe shi ya bar babbar hanya ya bi ta gefen teku. A nan na fara ganin fadamar ruwan gishiri: ciyawa shimfiɗe har iyakar gani, ba tudu ba dutse, sai ƙananan koramu suna lanƙwasa a cikinta kamar macizai, da fararen tsuntsaye masu dogayen ƙafa tsaye kamar an dasa su. Wanda bai sani ba zai ce ba abin kallo a wurin. Heade ya zana irin wannan fadama fiye da sau 100 a rayuwarsa, yawanci a arewa maso gabashin ƙasar, wajajen Masachusets da Niyu Jasi, inda manoma ke yankan ciyawar su tara ta tsibi-tsibi ta zama ingirici. A zamanin da abokan sana'arsa ke neman manyan duwatsu da magangarun ruwa don su razana mai kallo, shi ya tsaya a kan fili da ingirici da hadarin da ke tasowa. Allunan ma ƙanana ne, dogaye a kwance, kamar ana leƙen duniya ta tagar jirgin ƙasa.

An haife shi a 1819 a Lambabil, wani ƙauye a bakin kogin Delawa cikin jihar Fensilbaniya, mahaifinsa mai kanti. Ya fara koyon sana'a a hannun Edward Hicks, ya yi shekaru yana zana fuskokin mutane yana yawo gari-gari, har Turai. Sai a 1859 ya samu ɗaki a wani gini na masu zane a birnin Niyok, inda ya ƙulla abota da Frederic Church, wanda a lokacin sunansa ya cika ƙasar. Heade bai taɓa samun irin wannan suna ba. Mutum ne marar zama wuri ɗaya, kuma kasuwa ba ta cika riƙe wanda kullum jakarsa ke kafaɗa ba.

Mun ajiye mota kusa da tsohuwar ganuwar Sifaniyawa da ke bakin ruwa. Sifaniyawa ne suka kafa garin a 1565, ganuwar kuma aka fara gina ta a 1672 da wani dutse wanda in ka matsa kusa za ka ga ɓawon ƙananan halittun teku ne suka manne suka daskare. Ban daɗe a can ba, rana ta fara zafi kuma hankalina yana wani wuri. Muka ratsa titunan 'yan yawon buɗe ido da ƙafa har zuwa ginin da na zo dominsa.

Yanzu kwaleji ne, tun 1968, amma an gina shi ne a matsayin otal, Ponce de Leon, aka buɗe shi a 1888. Mai shi Henry Flagler, abokin kasuwancin hamshaƙin attajiri Rockefeller a kamfanin man fetur na Standard Oil, ya zuba dukiya a ciki don attajiran arewa masu gudun sanyi: hasumiya biyu, jan rufi, wutar lantarki tun lokacin da yawancin gidajen ƙasar ke kunna fitilar kananzir, da tagogin gilashi masu launi na kamfanin Tiffany a ɗakin cin abinci. Wata ɗaliba ce ta zagaya da mu. Kowa ya ɗaga kai yana kallon rufin zinariya. Da aka gama na tambaye ta ɗakunan masu zane, ta nuna mana bayan ginin.

Dogon gini ne mai baranda, ba shi da adon gaba. Flagler ya keɓe ɗakuna bakwai a nan ga masu zane domin baƙinsa su riƙa shigowa suna kallo suna saye, kuma na bakwai shi ne na Heade. Ya iso garin a 1883 yana ɗan shekara 64, kuma a shekarar ne ya yi aurensa na farko. Mutumin da ya shafe shekara 40 yana yawo, a nan ya samu mata da gida da uban gida. Na tsaya a ƙarƙashin barandar na daɗe. Na yi ta tunanin dattijo zaune da reshen magnoliya da aka yanko da safe, ya shimfiɗa masa karan-miski, yana tsere da lokaci kafin furen ya yi ja ya yanƙwane. Furen ba ya jimiri. A harabar wani gida da muka wuce na taɓa ɗaya da ya faɗo, faɗinsa ya kusa tafin hannuna biyu, ƙamshinsa kamar lemon tsami da aka haɗa da madara, amma gefensa har ya fara rinewa. Masu zanen furanni a zamaninsa cikin tulu suke jera su a tsaye. Shi kwantar da su ya yi, kuma wannan kwanciyar ce ta kama ni tun a kan sarki, tun ban san sunan kowa ba.

Ɗan ƙanwata ya fi son labarin tsuntsayen. A 1863 Heade ya tafi Barazil da niyyar yin littafi a kan wani ɗan mitsitsin tsuntsu mai shan zaƙin fure, wanda ke tsayawa cak a iska fukafukinsa na kaɗawa har ba ka ganinsu. Babu irinsa a Afirka, a nahiyar Amurka kaɗai yake. Sarkin Barazil Pedro na Biyu ya yaba aikin har ya ba shi lambar girma, amma littafin bai taɓa fitowa ba, don masu bugawa sun kasa fitar da launin yadda yake so. Bai fasa ba. Ya tafi Nikaraguwa a 1866, ya je Kolombiya da Fanama da Jamaika a 1870, ya dawo yana zana tsuntsun kusa da furannin daji, bayansu dutse da hazo. A shekarunsa na Fulorida yana yawan rubuta wasiƙu zuwa wata mujallar maharba da masunta da sunan aro, Didymus, yana kokawa kan yadda ake karkashe tsuntsaye barkatai. A lokacin gashin farin tsuntsun fadama kayan adon hular mata ne mai tsada. Wannan ya ƙara mini ganin girmansa, domin masu sanya hulunan su ne masu kwana a otal ɗin da ke ciyar da shi.

Mun ci abincin rana a wani ƙaramin wuri, soyayyen kifi da shinkafa, a nan maganar kuɗi ta taso. Mu a Hausa kalma ɗaya muke da ita, gwanjo, ga tsummokaran da ake zubawa a ƙasa ana zaɓa, da kuma taron da dillali ke tsayawa ana tayawa har a sallama wa wanda ya fi. Zanen Heade ya ratsa duka biyun. Ya rasu a watan Satumba na 1904 a wannan gari, aka manta da shi kusan shekara 40. Saboda masu sayen aikinsa matafiya ne da talakawan masu hali, ba manyan gidajen adana zane ba, sai zanen ya watsu cikin gidajen mutane, jikoki suka gada ba su san abin da suka gada ba.

A 1943 aka tsinci wani zanensa na hadari a kan mashigin tekun Naraganset a shagon tsofaffin kaya kusa da Niyok, aka baje shi a wani babban nuni, masana suka fara tambayar wane ne wannan. Daga nan aka shiga tono. Wani mutum a jihar Wiskonsin ya sayi wani zane mai furannin magnoliya biyu a gwanjon tarkacen gida kan dala 29 a 1989. Bayan shekara 10 gidan gwanjo na Christie's ya sayar da shi dala 882,500. A 1999 ɗin dai wani mutum a Indiyana yana wasan kati na gwanjon zane-zane, ya ga wani hoto mai kama da allon da ya rataye don ya rufe ɓula a bangon gidansa. Ashe na Heade ne, gidan adana zane na birnin Hustan ya saya dala miliyan 1.25. A 2003 an zaƙulo wani na fadama a ɗakin tarkace na wani gida kusa da Boston, ya haura dala miliyan 1 a gwanjo. Babban zanen faɗuwar rana a Fulorida da ya yi wa Flagler a 1887 don otal ɗin nan, mai faɗin kusan mita biyu da rabi, gidan gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a 2015 kan dala miliyan 5.85.

Ɗan ƙanwata ya ajiye cokali ya ce, "Kawu, shi kuma mai ɓula a bango Allah ya kashe ya ba shi." Na ce haka ne, ɗana, arziki rabo. Amma abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Duk labaran nan na masu tsintuwa ne, kuma in ana ba da su sunan mai zanen yakan zo ne a ƙarshe, bayan adadin dala. Dattijon da ya zauna a ɗaki na bakwai bai ga ko ƙwandala daga ciki ba. Na fi jin daɗin tunanin cewa allon nan na Indiyana ya yi shekaru a bangon talaka ana cin tuwon gida a gabansa, kuma wanda ya rataye shi ya zaɓe shi ne don ya yi masa kyau a ido, tun kafin wani dillali ya sa masa farashi.

Kafin mu juya gida na ce a kai ni fadamar da ke arewa da gari, tafiyar 'yan mintuna a mota ta titin San Marko, titin da gidan Heade yake. A can ne wurin da ake kira Fot Mose. A 1738 gwamnan Sifaniyawa ya ba bayi baƙaƙe da suka tsero daga gonakin Ingilishi na Karolina izinin kafa garinsu a matsayin 'yantattu, bisa sharaɗin su shiga ɗariƙar Katolika su kuma riƙe bindiga su kare Sant Ogastin. Shugabansu, Francisco Menéndez, Bamandinke ne daga Afirka ta Yamma. Da Fulorida ta koma hannun Ingila a 1763 suka tashi zuwa Kyuba, ruwa da ciyawa suka cinye wurin, sai a shekarun 1980 masu haƙa suka gano shi. Lokacin da Heade ke zana fadamun wannan yanki, ba kowa a cikinsu sai ɗan kwale-kwale ko saniya daga nesa, garin nan yana kwance ƙarƙashin irin ciyawar da yake zanawa. Ban riƙe shi da laifi ba, ya zana abin da idonsa ya gani. Ni dai da na taka gadar katakon da ta shiga cikin fadamar, mutanen nan nake gani, masu ratsa wannan laka da dare ba takalmi.

Mun yi la'asar a kan ciyawa kusa da wurin ajiye motoci, muka koma ƙarshen gadar. Teku ya janye, laka ta bayyana tana wari mai gishiri, ƙananan ƙaguwa suna ta shiga ramuka suna fita. Daga yamma hadari ya haɗo baƙi ƙirin, amma rana ta samu kafa ta ƙarƙashinsa ta haska ciyawar ta koma ruwan ɗorawa, gefe ɗaya duhu gefe ɗaya haske, layin da ya raba su yana tafiya a hankali yana nufo mu. Ɗan ƙanwata ya ɗaga waya ya ɗauka, ya duba, ya girgiza kai ya mayar aljihu. Ma'aikacin wurin ya ɗago mana hannu daga nesa alamar za a rufe ƙofa. Ɗigon farko ya same mu kafin mu kai mota.