Wake a rumbu, mai bashi a ƙofar gida

Shekarata ta farko a aikin malamin gona, a ƙauyukan yammacin Kano, lissafina guda ne: buhu nawa gona za ta bayar. A kan haka aka ɗora mu tun a makaranta. Ka kai wa manomi ingantaccen irin wake daga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, ka nuna masa tazarar shuka, ka faɗa masa lokacin feshi kafin tsutsa ta shiga kwanso, amfani ya ƙaru, talauci ya ragu. Wani dattijo ne ya nuna mini inda lissafin nan ya tsaya.

A gonarsa muka yi gwaji. Damina ta yi albarka, da aka gama roro aka sussuke sai ga buhu 9 a inda ya saba samun 5. Bayan mako uku na koma don haɗa rahoto, na tarar buhu 2 suka rage a ɗaki. Raina ya sosu. Na ce, "Baba, ina waken? Yanzu fa kaka ce, kaya ba su da daraja. Da ka daure zuwa bazara." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Malam, wanda ya ba ni bashin taki bai ce zai jira bazara ba. 'Yan ƙwadago ma ba su ce ba. Ga kuɗin makaranta, ga auren yarinya. Kuma ko na ajiye, ƙwari zan tara wa."

Maganar nan ce ta kai ni kasuwar hatsi ta Dawanau. Duk Asabar sai in je in zauna a rumfar wani ɗan kasuwa ina kallon yadda ake sauke wake daga ƙauyuka da kuma Nijar, ana loda wa manyan motoci masu zuwa Legas da Ibadan da Anaca. Da farko haushin dillalai nake ji, ina ganin su ke cinye guminmu. Zama da su ya rage mini wannan haushin. Dillali ya san mai saye, ya san wanda ke biya da wanda ke cin amana, sau da yawa ma shi ke rantar da manomi kuɗi a tsakiyar damina, lokacin da babu bankin da zai saurare shi. Akwai azzalumai a cikinsu, ban musa ba, musamman wajen mudu. Amma abin da ya raba mai sito da manomi shi ne ɗaya yana da halin jira, ɗaya ba shi da shi. Waken da Baba ya sayar da araha a watan Nuwamba, shi zai sayo da tsada a watan Yuni, don iri da kuma tukunya.

Sai na kama maganar ƙwari, don ita na fi ƙarfi a kai. Nijeriya ce kan gaba a noman wake a duniya, amma yadda muke adana shi abin takaici ne. Mutane na zuba masa maganin feshi kai tsaye, guba a cikin abin da yara za su ci. Saboda ragowar irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015. Mun koya wa manoma amfani da buhun PICS, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka samar: leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowanne daban bayan an matse iska. Ƙwaro ya rasa numfashi ya mutu, ba magani ko ɗigo. Ranar da muka kwance buhun da ya yi wata shida, mata suka riƙa tsoma hannu suna neman huda, ba su samu ba. Har yau ina jin daɗin tuna ranar.

Amma buhu ba ya biyan bashi. Wannan ɓangaren a Nijar na ga maganinsa, wajen Maraɗi. Manoma sukan haɗa amfaninsu a sito guda, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun da ya ba su rance. Su karɓi kuɗi su kashe gobarar kaka, wasu su yi kiwo ko noman rani da shi, in farashi ya tashi a buɗe a sayar a biya. Hukumar abinci ta duniya, FAO, ta taimaka wajen yaɗa tsarin a can. Da na dawo muka gwada ƙaramin irinsa da kuɗin adashi, shekara biyu ana samun riba.

A nan na yi kuskuren da ya fi damuna. Na riƙa magana kamar tashin farashi bayan kaka farilla ne. A Yulin 2024 gwamnatin Nijeriya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150, kuma a 2025 farashin hatsi ya yi ƙasa maimakon ya hau. Masu saye a birni sun samu sauƙin da suke matuƙar buƙata. Mutanen da suka ajiye bisa shawarata kuwa sun sayar ƙasa da yadda suka sa rai, bayan sun sayi taki da tsada. Na bi su gida gida na ba da haƙuri.

Baba bai yi asara sosai ba, don bai bi maganata duka ba. Kashi uku ya yi wa wakensa: ɗaya ya sallami masu bashi, ɗaya ya shiga sito, ɗaya na gida. Bana da na je masa da sabon iri, kafin in buɗe jaka na tambaye shi wa ke bin sa, kuma yaushe ne alkawarin biya. Ya jawo tabarma ya ce, "Zauna, Malam, mu fara da mai taki."