Dreamcast ta sha kaye a kasuwa, amma gyaranta bai da wuya

Kamfanin Sega ya fito da na'urar wasan bidiyo ta Dreamcast a Japan ranar 27 ga Nuwamba 1998, ta isa Amurka ranar 9 ga Satumba 1999 a kan dala 199, sannan a Maris 2001 aka daina ƙera ta. Abin da aka sayar gaba ɗaya bai wuce miliyan 9 da 'yan kai ba. PlayStation 2 ce ta shiga gabanta, ga shi kuma kamfanin EA ya juya mata baya, don haka babu FIFA a kanta. Duk da haka, wanda ya taɓa buga Soulcalibur ko Crazy Taxi ko Shenmue ya san ba rashin kyau ne ya kayar da ita ba. Yawancin na'urorin da ake cewa sun mutu ma, ciwonsu ƙanana ne.

Kafin komai a duba takardar da ke manne a ƙasanta. Ta Japan wutar volt 100 take sha, ta Amurka 120, ta Turai mai shuɗin tambari kuwa tana ɗaukar 220 zuwa 240. Wutarmu 230 ce, saboda haka duk wanda ya jona 'yar Amurka kai tsaye ba tare da na'urar rage ƙarfin wuta ba, zai ji ƙauri nan take.

Buɗe ta noti huɗu ne a ƙasa, ɗaya yana ɓoye, sai an zare modem ɗin gefe za a gan shi. A cire ta daga wuta tukuna, kuma kada a taɓa babbar kafasitar allon wuta, tana riƙe caji.

Ciwon da ya fi yawa shi ne ana tsakiyar wasa ta koma farko da kanta. Mutane na ɗora wa faifai laifi, alhali ba ruwansa. Allon wuta yana zaune ne a kan wasu ƙarafa shida da suka fito daga babban allo. Zafi da tsufa da ƙura kan sa su yi datti su saki, wuta ta riƙa yankewa na ƙiftawar ido. A kwance allon wutar, a ɗaga shi a miƙe, a goge ƙarafan da auduga da sifirit har su yi ƙyalli, a ɗan tura su kaɗan don su kama sosai, a mayar. Kaɗan fa, in aka matsa sai su karye daga gindi.

Idan kullum tana tambayar kwanan wata, batirin agogo ne ya ƙare. Yana like da dalma a kan allon da ake jona hannun wasa, kuma mai caji ne, ML2020. A sa ML2032 da mazauninsa. Kada a sa CR2032 don an gan shi da araha a kanti, domin allon zai riƙa tura masa caji shi kuwa ba na caji ba ne, yana iya kumbura ko ya tsiyaye. CR2032 ɗin na katin ajiya ne, VMU, guda biyu yake ci, ko sun mutu wasan da aka ajiye ba ya gogewa, ƙara kawai zai yi in an kunna.

A kan wannan allon dai akwai fiyus mai alamar F1. In duka ramukan hannu huɗu suka mutu lokaci guda, shi ne ya ƙone. A auna da mita, a canza shi. Masu haɗa wajen da guntuwar waya suna sayen rigima ne, don gaba babban allo zai ci wutar.

Idon karanta faifai shi ne mai wahala. A fara da goge shi. Murɗa ɗan notin ƙarfinsa yana ta da shi na ɗan lokaci, amma yana ƙarasa kashe shi. Da yawa yanzu suna cire shi su sa GDEMU mai karanta katin SD, sai dai an yi shi ne don allon VA1, wato wadda ke da lamba 1 cikin da'ira a takardar ƙasa. Bayan an cire injin faifan, layin wutar volt 12 ya rasa mai jan sa, allon wuta ya riƙa zafi, shi ya sa ake ɗaura rizista ta kimanin ohm 300 mai wat 1 tsakanin layin 12 da na ƙasa, wato GND.