Oksijin ya hau a jini, majinyacin fa?

A darasin cututtukan numfashi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi na fara sanin cewa ana haɗa magunguna biyu masu aiki akasin juna a jikin mutum ɗaya, kuma su taimaka masa. Maganar mummunan raunin huhu ce, wanda ake kira SDRA da Faransanci, ciwon da aka fara bayyana shi a 1967. Ruwa yana cika wasu sassan huhu, iska ba ta shiga, amma jini yana ci gaba da ratsa su, ya koma zuciya ba tare da ya ɗebi oksijin ba.

Dabarar ita ce a shaƙa wa majinyaci iskar naitirik oksaid. Ita ba ta kai ko'ina sai inda numfashi ke kaiwa, can take buɗe jijiyoyin jini. Sai a sa wani magani mai suna almitirin ta jijiya, shi kuma ya ƙara matse jijiyoyin sassan da suka toshe. Kamar mai lambu a bakin Gulbi ne: ya datse ruwa daga fangalin da ya mutu, ya kora shi inda shuka ke da rai. Likitocin Faransa sun gwada wannan haɗin a shekarun 1990, kuma lallai oksijin yana hawa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo baya. Da aka tara binciken da aka yi kan naitirik oksaid, ba a ga ya rage mace-mace ba, har ma an ga yana iya taɓa ƙoda. A ɗaya gefen, binciken da aka yi a Amurka a 2000 ya nuna cewa rage iskar da inji ke hura wa huhu zuwa mililita 6 a kowane kilo na nauyin jiki ya saukar da mace-mace daga kusan kashi 40 zuwa 31 cikin ɗari, alhali oksijin waɗanda aka rage wa bai fi na sauran kyau ba a kwanakin farko. A 2013 kuma, kwantar da masu tsananin ciwon rub da ciki, awa 16 ko fiye a jere, ya rage mutuwa daga kusan kashi 33 zuwa 16.

Wannan na ƙarshen ya fi kusa da mu, domin hannuwa yake buƙata, ba magani mai tsada ba. Amma aiki ne: mutum huɗu ko biyar, ɗaya ya riƙe kai da bututun numfashi, a tallafi ƙirji da matashi, a riƙa duba fuska kada ta yi gyambo.

Yanzu idan na maƙala na'urar awon oksijin a yatsan majinyaci na ga kashi 94, ina murna, sannan in ƙirga numfashinsa, in duba fitsarin da ya taru, in tambayi mai jinya: "Inna, ya yi magana da ke yau?"