Ƙetare Thorong La: wane wata za ku tashi?

Ƙannena masu sha'awar hawan tsauni, kurakurai biyu na yi a kan Thorong La, kuma duk biyun na lokaci ne. Na farko, na bar ranar hutun aiki da arahar tikiti suka zaɓa mini wata. Na biyu, na tsara kwanakina cif-cif ba rarar ko kwana ɗaya.

Thorong La mashiga ce tsakanin duwatsu a kan hanyar zagayen Annapurna a ƙasar Nepal, tsayinta mita 5,416. Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne, wato bai kai rabinta ba.

Shekarar can ta yi kama da tamu. Damina daga Yuni zuwa Satumba take, kuma ita ce ta cinye ni a karon farko. Za a ce muku Manang da Mustang, yankunan da ke gefe biyu na mashigar, suna bayan tsauni, ruwa bai cika isa can ba. Gaskiya ne. Amma kafin ku kai Manang sai kun bi ta Besisahar da kwarin kogin Marsyangdi, inda ƙasa ke zaftarewa ta toshe hanya, matsattsaku su cika safa, gajimare kuma ya rufe duwatsun da kuka biya kuɗi ku gani. Hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, sama garau take, sai dai sanyin asuba a saman yakan wuce digiri 20 ƙasa da sifili, dusar ƙanƙara kan rufe mashigar kwana da kwanaki, masaukai da dama kuma a kulle. Wanda sanyin Jos ne iyakar saninsa ya bar wannan lokacin.

Saura lokuta biyu. Maris zuwa Mayu akwai ɗumi da furanni, amma a Maris tsohuwar ƙanƙara tana nan kwance, da rana ta narke ƙafa ta riƙa nutsewa, ga hazo da ke tare gani idan rana ta yi. Kaka ta fi, kuma a cikinta ma ni ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba na fi yarda da shi. Damina ta wanke sama, ƙasa ta bushe, sanyi bai yi tsanani ba tukuna. Farkon Oktoba yakan zo da sauran ruwa, kuma sau da yawa yakan haɗu da Dashain, babban bikin ƙasar, lokacin da kujerar mota ke wuya.

Kada dai kalmar Oktoba ta sa ku saki jiki. Ranar 14 ga Oktoban 2014, guguwar Hudhud da ta taso daga tekun Bengal ta zubo da dusar ƙanƙara a wannan yanki, mutum sama da 40 suka rasu, da yawansu a kewayen Thorong La. A tsakiyar watan da kowa ke yabo ke nan. Saboda haka kafin ku bar Manang ku duba hasashen yanayi na kwana uku zuwa huɗu, ku duba har da abin da ke faruwa a tekun, sannan ku tambayi masu masauki da waɗanda suka sauko.

Nan rarar kwana take aiki. Ku ware kwana biyu da ba a tsara musu komai ba. Wanda jirginsa ke jiransa jibi, ko ya ga hadari ya haɗo sai ya ce bari in gwada. Jiki ma yana bukatar kwanakin. Daga mita 3,000 zuwa sama, kada wurin kwananku na yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, ku kuma kwana biyu a Manang, wajen mita 3,500. Akwai ƙaramin asibitin ƙungiyar ceto ta Himalaya a garin, inda likitoci ke bayani kan ciwon tsauni, wato ciwon da ƙarancin iska a sama ke jawowa, da rana a lokacin zuwan baƙi. Ku je ku saurara. Ciwon kai da tashin zuciya na nufin a tsaya. Tangaɗi kamar mai maye, ko haki alhali kana zaune, na nufin a sauka nan take, ko da dare ne.

Ranar ƙetarewa ma tana da nata lokacin. Daga Thorong Phedi, zangon da ke gindin mashigar, wajen mita 4,500, ku tashi ƙarfe huɗu zuwa biyar na asuba da fitila a goshi, don ku kai saman kafin ƙarfe goma, lokacin da iska ke fara tashi. Gorar ruwa ta kwana cikin jakar barci, ta kuma yi tafiya cikin riga, in ba haka ba ta daskare. Batirin waya ma haka. Hawan ya kusa mita dubu, gangarar zuwa Muktinath, garin da ke ɗaya gefen, kuwa wajen mita 1,600 ce, kuma ita ke cin gwiwa. Ku riƙe sanduna biyu da ƙarafuna masu haƙora da ake ɗaura wa takalmi, domin gangarar ta kan yi santsi ko a Nuwamba.